Jidda: Masana na bin sawun sankarar bayan hanci daga gadon asibiti zuwa iskar gari

Ga da yawa daga cikin alhazan Nijeriya da Nijar da Ghana, birnin Jidda na ƙasar Saudiyya zango ne kawai. Abin da suka fi sani a cikinsa shi ne filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz da rumfunansa masu kama da tantuna, sai kuma tsohuwar kasuwar Balad, inda akan yi tsarabar ƙarshe ta turare da darduma kafin a kama hanyar gida. To amma wannan birni na bakin Bahar Maliya, mai mutane kusan miliyan 4, yana kuma daga cikin manyan cibiyoyin binciken likitanci da kimiyya a yankin ƙasashen Larabawa. Daga cikin cututtukan da likitocinsa suka daɗe suna fama da su har da wata sankara da ba kasafai ake ganinta a Turai da Amurka ba, amma ta zame ƙarfen ƙafa a kudancin Sin da arewacin Afirka, tana kuma taɓa Saudiyya da Afirka ta yamma daidai gwargwado. Wannan ita ce sankarar bayan hanci.

Wurin da take tsirowa wani ɗan ƙoƙo ne a can ƙuryar kai, inda kafofin hanci biyu suke ƙarewa su haɗu da saman maƙogwaro, wato sama da beli kuma dab da gindin ƙoƙon kai. A gefensa na dama da na hagu akwai ƙananan hanyoyin da suke kai iska cikin kunnuwa. Mutum ba ya iya ganin wurin ko da ya wage baki a gaban madubi, haka kuma askar wanzami ba ta kai can. Duk iskar da aka shaƙa ta hanci sai ta ratsa ta nan, tare da ƙura da hayaƙin da ta ɗauko. Wannan ne ya sa cutar ta haɗa masana iri biyu da a bisa al'ada ba su cika zama a ɗaki ɗaya ba: likitan da ke neman kashe tsiron, da kuma masanin sinadarai da ke auna abin da ke cikin iska da ruwa da abinci.

Cuta mai zaɓen ƙasa

Alkaluman hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke birnin Lyon na Faransa, wadda reshe ce ta Hukumar Lafiya ta Duniya, sun nuna cewa a shekarar 2022 an samu sabbin masu ɗauke da wannan cuta kimanin dubu 120 a duniya baki ɗaya, kuma fiye da dubu 70 sun rasu ta dalilinta. Idan aka kwatanta da sankarar mama ko ta huhu, adadin bai taka kara ya karya ba. Abin da ya sa ta zama abin mamaki shi ne yadda ta rarrabu. A akasarin ƙasashen Turai ba a samun ko mutum 1 cikin dubu 100 da ke kamuwa da ita a shekara, alhali a wasu sassan lardin Guangdong na kudancin Sin an daɗe ana samun maza 20 zuwa 30 cikin dubu 100, har ta kai ana kiranta da sunan birnin Canton. Tana kuma da yawa a Malesiya da Indonesiya, da Tunisiya da Aljeriya da Maroko, da kuma tsakanin mazauna yankin ƙanƙara na Greenland da Alaska. Ta fi kama maza, ninki biyu zuwa uku a kan mata.

Saudiyya tana tsaka-tsaki. Ba ta kai kudancin Sin ba, amma ta zarce Turai nesa ba kusa ba, kuma a cikin sankarorin kai da wuya ita ce likitocin ƙasar suka sha bayyanawa a matsayin wadda ta fi yawa. Tun cikin shekarun 1980 likitocin Asibitin Ƙwararru na Sarki Faisal da ke Riyadh suka fara wallafa rahotanni a kanta, sannan a 1992 aka kafa hukumar rajistar masu cutar daji ta ƙasa, wadda ta fara tattara alkaluma daga 1994. Wani abu da aka lura da shi a Saudiyya, kamar dai yadda aka gani a arewacin Afirka, shi ne cewa cutar tana da zango biyu: takan kama matasa daga shekarun balaga zuwa ashirin da 'yan kai, sannan ta sake tasowa a tsakanin masu shekaru 45 zuwa 60. A kudancin Sin kuwa, manya ta fi addaba.

Labarin majinyacin yakan zo da fasali kusan iri ɗaya. Sai mutum ya ji wani ƙullutu a gefen wuyansa, ba ya ciwo, ya ɗauka kaluluwa ce za ta baje da kanta. Wani kuma kunnensa ɗaya ne zai toshe kamar ruwa ya shiga, ko ya riƙa ganin jini a cikin majina da safe, ko yawan haɓo, ko kafar hanci ɗaya ta ƙi buɗewa. Dukkansu alamomi ne da suka yi kama da mura ko ciwon kunne, don haka sai a yi ta shan maganin mura ana ɗiga na kunne, watanni suna wucewa. Idan tsiron ya ci gindin ƙoƙon kai sai ciwon kai mai tsanani ya biyo baya, ko mutum ya riƙa ganin abu ɗaya ya zama biyu, ko gefen fuska ya mutu. Wani nazari da likitocin Riyadh suka wallafa a 2009 ya mai da hankali ne kacokan a kan wannan jinkiri, inda ya nuna cewa akasarin majinyata sun iso hannun ƙwararru ne bayan cutar ta yi nisa, kuma ba duka laifin ba ne na marasa lafiyar, domin akwai jinkirin da kan faru tun daga wurin likitan farko da ya duba su.

Daga Kampala da Ibadan aka kamo bakin zaren

Abin da ya buɗe ƙofar fahimtar cutar daga Afirka ya taso. A 1958 wani likitan tiyata ɗan ƙasar Ireland mai suna Denis Burkitt, da ke aiki a birnin Kampala na Uganda, ya bayyana wata sankara da ke kumbura muƙamuƙin yara. Daga naman da aka riƙa aikawa daga Uganda zuwa London ne Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wata ƙwayar bairos a 1964, wadda a yau ake kira Epstein-Barr. Ita ce ƙwayar bairos ta farko da aka danganta da cutar daji a jikin ɗan Adam. Shekaru biyu bayan haka aka lura a birnin New York cewa jinin masu sankarar bayan hanci yana ɗauke da alamun yaƙi da wannan ƙwaya fiye da kima, sannan a 1970 Bajamushen nan Harald zur Hausen da abokan aikinsa suka samu ƙwayoyin gadonta a cikin tsiron kansa.

Sai dai kuma gano ƙwayar bai warware matsalar ba, ƙara ɗaure kai ma ya yi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna ɗauke da ita. Ta yawu take yaɗuwa, kuma a ƙasashe masu tasowa yawancin yara kan kamu da ita tun suna ƙanana, ta kwanta a jikinsu har ƙarshen rayuwa ba tare da ta yi musu komai ba. To idan kusan kowa yana da ita, me ya sa take zama sankara a Guangdong da Tunis, amma ba ta cika yin haka a Paris ba? Gado yana da nasa rabon, domin cutar takan bi dangi, kuma jikokin Sinawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka sun ci gaba da kamuwa da ita fiye da maƙwabtansu Turawa. A 2019 an kuma gano cewa nau'in ƙwayar da ya fi yawo a kudancin Sin ya fi sauran haɗari. Amma su waɗannan jikoki na 'yan ƙaura, cutar tana raguwa a cikinsu daga zuriya zuwa zuriya, haka zalika a Hong Kong ta ragu da fiye da rabi tun daga shekarun 1980, ba tare da jinin mutanen ya sauya ba. Ke nan akwai wani abu na uku, kuma a cikin yanayin rayuwa yake.

A nan ne masana sinadarai suka shigo. Wani likitan Hong Kong mai suna John Ho ya lura a farkon shekarun 1970 cewa cutar ta fi tsanani a tsakanin masuntan da ke rayuwa cikin kwale-kwale, waɗanda ke yaye 'ya'yansu da kunun shinkafa haɗe da wani irin kifi mai gishiri da ake bari ya ɗan ruɓe kafin ya bushe. Da aka auna kifin sai aka samu sinadaran da ake kira naitrosamin, waɗanda aka riga aka san suna haddasa sankara a jikin dabbobin gwaji. A farkon shekarun 1990 hukumar ta Lyon ta sanya wannan kifi a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji, kuma bincike ya nuna cewa haɗarin ya fi girma ga wanda ya fara cinsa tun yana yaro.

Nijeriya ma tana da hannu a wannan aiki, ko da yake ba kowa ya sani ba. A 1963, a asibitin koyarwa na Jami'ar Ibadan, wani masani mai suna Robert Pulvertaft ya yi nasarar rainon ƙwayoyin halittar da aka ɗebo daga jikin wani yaro mai sankarar Burkitt. Waɗannan ƙwayoyi, da ƙwayar Epstein-Barr a kwance cikinsu, har yau ana rainon zuriyarsu a ɗakunan bincike a sassan duniya. A ƙarshen shekarun 1980 masanan Lyon suka tattaro abincin adanawa daga Tunisiya da kudancin Sin da Greenland, suka tatsi ruwansa suka zuba wa waɗannan ƙwayoyi na Ibadan, sai suka ga wasu daga ciki suna tada ƙwayar daga barcinta. Binciken da aka yi daga bisani a Tunisiya da Aljeriya da Maroko ya danganta cutar da yawan cin busasshen naman rago mai gishiri da ake kira ƙadid, da kitse da man shanun da aka ajiye har suka tsufa suka sauya wari. Irin wannan mai yana ƙunshe da wani sinadari mai tsami da aka san yana farkar da ƙwayar. A ɗaya ɓangaren, yawan cin ɗanyen ganye da 'ya'yan itatuwa ya zo tare da raguwar haɗarin.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya tuna kilishi da bandar kifi da man shanu. Gaggawar yanke musu hukunci kuskure ne, domin kowane abinci da yadda ake sarrafa shi, kuma abin da aka tabbatar a kan kifin Canton ya ɗauki shekaru kusan ashirin ana aunawa ana sake aunawa kafin a kai ga matsaya.

Abin da ke cikin iskar Jidda

Jami'ar Sarki Abdul'aziz, wadda wasu attajirai da masu ilmi na Jidda suka kafa a 1967 kafin gwamnati ta karɓe ta a zamanin Sarki Faisal, tana da asibitin koyarwa inda ake jinyar masu cutar daji, tana kuma da tsangayar nazarin yanayi da muhalli, da ta ilmin teku, da wata cibiya ta musamman ta binciken muhalli. Aiki bai yi musu ƙaranci ba. Jidda birni ne da tun asali yake rayuwa da taimakon ilmin sinadarai, tun da ba shi da kogi. A 1907, zamanin Turkawa, aka girka injin farko na tace ruwan teku a garin, wanda mutane suka laƙaba wa suna Kindasa, kuma har yanzu daga teku birnin yake sha. Shekaru da yawa motocin kwasar bahaya suna juye kayansu a wani kwari da ke gabashin birnin, har ya zama tafki, wanda jama'a cikin gatse suka sa wa suna Tafkin Almiski. Sai bayan ambaliyar ranar 25 ga Nuwamban 2009, wadda ta zo daidai da fara aikin hajji ta kuma halaka mutane fiye da 100, aka ji tsoron kada tafkin ya ɓalle kan gari, aka ƙafar da shi a shekarar da ta biyo baya.

Ta fuskar iska kuwa, ɗaya daga cikin nazarce-nazarcen da aka fi ambato shi ne wanda Mamdouh Khoder da abokan aikinsa na jami'ar suka yi tare da masanan Jami'ar New York, aka wallafa a 2012. Sun girka na'urorin zuƙar iska a unguwanni dabam-dabam a bazarar 2011, suka tace ƙurar da aka tara, suka auna nauyinta da ƙarafan da ke cikinta. Ƙura mafi laushi, wadda ta fi silin gashi siranta sau kusan 30, ta kai kimanin maikrogiram 28 a kowace mita ɗaya ta iska mai murabba'in tsawo da faɗi da zurfi. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya na tsawon shekara a wancan lokaci 10 ne, kuma a 2021 ta rage shi zuwa 5, ko da yake awon na Jidda na 'yan watanni ne kawai.

Abin sha'awa a aikin shi ne yadda ake gane tushen kowace ƙura daga ƙarafan da ta ɗauko, tamkar yadda mafarauci ke gane dabba daga sawunta. Inda aka ga nikel da banadiyam tare, an san daga ƙona baƙin mai ne, irin wanda masana'antu da tashoshin wutar lantarki da jiragen ruwa ke amfani da shi. Inda aka ga silikon da alminiyam da ƙarfe, ƙasar hamada ce iska ta kwaso. Gishiri daga teku yake, wasu kuma daga hayaƙin motoci da gogewar tayoyi da birki. Tun daga lokacin abubuwa sun ɗan sauya, alal misali kamfanin Saudi Aramco ya rufe tsohuwar matatar mansa ta Jidda a 2017, kuma tun 2001 ƙasar ta daina sayar da fetur mai darma. Ƙurar hamada kam ba ta da mai rufe ta.

Shin wannan iska ce ke jawo sankarar bayan hanci? Amsa ta gaskiya ita ce hukuncin da hukumar Lyon ta yanke a 2013, cewa gurɓatacciyar iskar waje tana haddasa cutar daji, a kan sankarar huhu ya dogara. Abubuwan shaƙa da ta tabbatar da alaƙarsu da bayan hanci guda uku ne: hayaƙin taba, da ƙurar katako irin wadda kafintoci da masu yankan katako ke shaƙa shekara da shekaru, da kuma sinadarin fomaldehaid, wanda ruwansa ne fomalin da ake adana gawa da shi, ana kuma samunsa a cikin gam ɗin haɗa falanki da wasu kayan ɗaki. An sanya wannan sinadari a sahun farko a 2004, bisa hujjar abin da aka gani a tsakanin ma'aikatan masana'antu. Dalilin da ya sa hanci da bayansa suke ɗanɗana kuɗarsu a fili yake: ƙura mai kauri da iskar da ke saurin narkewa cikin danshi a nan suke maƙalewa, mai laushin ce ke zarcewa huhu.

Sai batun turaren wuta, wanda ya shafi gidan Bahijaze kamar yadda ya shafi ɗakin amaryar Kano da Maiduguri. A Jidda ba a karɓar baƙo na mutunci ba tare da an zagaya da kaskon turaren itacen ud ba, kuma hayaƙinsa, kamar na duk wani itace da ke cin wuta a hankali, yana ɗauke da ƙura mai laushi da ɗan fomaldehaid. Sakamakon bincike a kansa bai zo da murya ɗaya ba. Wani babban nazari da aka yi a Singapore kan Sinawa fiye da dubu 60, aka wallafa a 2008, ya samu ƙarin sankara a sassan sama na hanyar numfashi ga masu yawan ƙona turare, amma bai samu ƙari a bayan hanci ba. Wasu nazarce-nazarce na Hong Kong da Guangdong kuwa sun ga alamar alaƙa, musamman a gidajen da iska ba ta ratsawa sosai. Turaren Sinawa na tsinke ne, ba irin na Larabawa da Hausawa ba. Abin da babu gardama a kansa shi ne cewa hayaƙi a rufaffen ɗaki mai na'urar sanyaya iska ya fi daɗewa a hancin mutanen gida fiye da wanda aka ƙona taga a buɗe.

Magani ya riga sanin dalili

Wani abin lura shi ne cewa ilmin warkar da cutar ya yi wa ilmin sanin musabbabinta nisa. Tiyata ba ta cika amfani a matakin farko ba, saboda wurin yana da zurfi kuma yana kewaye da jijiyoyin ido da manyan hanyoyin jini da gindin ƙwaƙwalwa. Sa'ar da aka yi ita ce tsiron yana jin gashi. Akan ƙera wa majinyaci wata fuskar roba daidai da tasa don kada kansa ya motsa, sannan na'ura ta riƙa aika haske mai ƙarfi zuwa wurin, kwana biyar a mako har kimanin makonni 7.

Babban sauyin ya zo ne a 1998, lokacin da aka wallafa sakamakon wani gwaji da Muhyi Al-Sarraf, likita ɗan asalin Iraƙi da ke aiki a jihar Michigan ta Amurka, ya jagoranta kan majinyata kimanin 150. Waɗanda aka yi wa gashi kawai, kashi 47 cikin 100 ne suka kai shekaru 3 a raye. Waɗanda aka haɗa musu gashin da maganin sisfilatin ta jijiya, kashi 78 ne. Tazarar ta yi yawan da aka dakatar da gwajin kafin wa'adinsa, domin ci gaba da hana wa rukuni ɗaya maganin ya zama zalunci. Shi kansa sisfilatin ɗan gidan masana sinadarai ne. A 1965 Barnett Rosenberg yana gwada tasirin wutar lantarki a kan ƙwayoyin bakteriya, sai ya ga sun daina rabuwa, daga baya ya gano ba wutar ba ce, ƙarfen filatinam na sandunan da ya tsoma ne ya narke cikin ruwan. A 1978 aka amince da shi a matsayin magani.

Bayan haka aka samu na'urorin da kwamfuta ke sarrafa ƙarfin haskensu ta kusurwoyi da yawa, ta yadda zai taru a kan tsiron ya kauce wa sassan da ke samar da yawu a gefen kunne, waɗannan da kan kumbura idan yaro ya kamu da hangum. A 2019 likitocin Jami'ar Sun Yat-sen ta birnin Guangzhou suka nuna cewa fara ba da sisfilatin tare da wani magani mai suna jemsitabin kafin gashi yana rage dawowar cutar, sannan a watan Oktoban 2023 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da toripalimab, wani maganin da aka ƙirƙiro a Sin wanda ke zaburar da garkuwar jiki, don masu cutar da ta bazu ko ta dawo. Wanda aka gano tasa a matakin farko, damar da yake da ita ta kai shekaru 5 a raye ta zarce kashi 90 cikin 100.

A Jidda ana irin wannan jinya a asibitin jami'ar, da reshen Asibitin Ƙwararru na Sarki Faisal da aka buɗe a 2000, da kuma cibiyar cutar daji ta Gimbiya Nura da ke ƙarƙashin asibitin dakarun tsaron ƙasa. A wannan cibiya ta ƙarshe an wallafa wani nazari a 2020 da ya duba har da yadda rayuwar majinyata ta kasance bayan magani. Tambaya ce da ta dace, domin warkewa tana zuwa da nata farashin. Da yawa kan rayu da bushewar baki ta dindindin, da lalacewar haƙora, da raguwar ji, wanda gashin da sisfilatin duka suke haddasawa, da taurin muƙamuƙi. Mutumin da yawunsa ya ƙafe, a garin da zafinsa kan haura digiri 40 a bazara, ba ya rabuwa da gorar ruwa, kuma azumin watan Ramadan kan zame masa al'amarin da sai ya tuntuɓi likita da malami. Idan matashi ne ɗan shekara 18, da wannan zai rayu shekaru hamsin masu zuwa.

Ita ma ƙwayar Epstein-Barr an mai da ita 'yar rahoto. Tsiron yana zubar da gutsattsarin ƙwayoyin gadonta cikin jini, kuma ana iya auna su. A Hong Kong, ayarin Farfesa Dennis Lo ya gwada jinin maza fiye da dubu 20 da ba su da wata alamar ciwo, ya gano 34 masu cutar, kuma kusan kashi 70 cikin 100 nasu a matakin farko suke, alhali a bisa al'ada kimanin kashi 20 ne kawai ake kamawa da wuri haka. An wallafa wannan a 2017. Gwajin jama'a baki ɗaya ya fi dacewa da inda cutar ta yi yawa ƙwarai, amma likitoci a wurare da dama suna amfani da awon don bin diddigin majinyaci bayan an gama gashi.

Ga Hausawa, lamarin ba na nesa ba ne. Akwai dubban 'yan asalin ƙasar Hausa da kakanninsu suka zo hajji a ƙafa suka zauna a Makka da Jidda, wasu har suna amsa sunan Hausawi, iskar da masanan jami'ar ke aunawa kuwa ita suke shaƙa. A gida ma, rahotannin asibitocin koyarwa na Ibadan da Jos da Sakkwato da Maiduguri sun sha sanya sankarar bayan hanci a sahun gaba na sankarorin kai da wuya, kuma kukansu ɗaya ne da na likitocin Riyadh, har ma ya fi tsanani: majinyaci ba ya zuwa sai wuya ya cika da ƙullutai. A yankin da tarin fuka ya yi yawa, sau da dama akan ɗauki kumburin wuyan a matsayin nasa, a ɗora mutum kan maganin watanni 6, tsiron kuwa yana can yana girma. Na'urorin gashi kuma ba su wadata ba. A arewacin Nijeriya asibitocin koyarwa na Shika da ke Zariya da na Sakkwato ne suka daɗe suna ɗauke da wannan nauyi, Jamhuriyar Nijar kuwa sai a 2021 ta buɗe cibiyarta ta farko ta gashi a birnin Yamai, da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya.

Shawarar da likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ke bai wa takwarorinsu na ƙananan asibitoci ita ce, duk baligin da ya zo da ƙullutun wuya da ya haura makonni 3 bai baje ba, ko kunne ɗaya da ya tara ruwa ba tare da dalili ba, a aika shi a leƙa bayan hancinsa kafin a taɓa wuyan da wuƙa. Ana yin hakan ne da wani siririn bututu mai fitila da ake zurawa ta kafar hanci bayan an fesa maganin kashe zafi, majinyaci yana zaune a kan kujera, kuma cikin 'yan mintoci an gama.